Dardumar da Baba ya bari: sallaya ce ko labulen ƙofa?

Abban_Sadiq
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda ya san kan darduma ya warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata jar darduma da ya sayo a Madina a hajjinsa na farko, a hannun wani dattijo ɗan Afganistan da ya baza kayansa a bakin hanya. Tun muna yara "Bukhara" muke jin yana kiranta. A kanta yake nafilarsa ta dare, kuma ba wanda ya isa ya taka ta da takalmi. Da aka yi rabon gado sai ta faɗo a kasona.

To ranar Asabar wani abokin aikina da ya zauna a Turkiyya ya zo gaishe ni, ya ɗaga ta, ya juya bayanta, ya ce wai wannan ba sallaya ba ce, labulen ƙofar tanti ne na Turkumanawa, kuma ba a Bukhara aka saƙa ta ba. Tun ranar nake juya maganar.

Ga kamanninta. Tsawonta mita ɗaya da rabi, faɗinta mita ɗaya da santimita 20. Ja ce mai duhu kamar hanta. An raba tsakiyarta gida huɗu da wasu layuka biyu da suka gitta juna, kowane gida cike da ƙananan zane masu kama da gwafa. A can sama akwai ɗan mihrabi da bai fi tafin hannu ba. A ƙasa kuma akwai wani faffaɗan yanki mai zane daban. Kusurwoyin sama biyu suna da guntayen igiya kitsattsu. Shin gaskiya abokina ya faɗa?

Bakatsine77
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa sujadar da ya yi a kanta ta zame masa haske a kabari. Tunda akwai mihrabi ai magana ta ƙare, sallaya ce. Wa zai saƙa mihrabi a labule?

Dillalin_Bab_Makka
Amin. Alhaji Abban Sadiq, shekara goma sha ina zaune a Jidda, kuma a shagon wani Ba'afgane mai tsofaffin dardumai na fara aiki, ni ke kaɗe su ina naɗewa. Abokinka ya yi gaskiya. Abin da ka kwatanta sunansa "ensi", wasu su ce "engsi". Igiyoyin nan na kusurwa su ne suka tona asiri, da su ake rataye shi a ƙofar tanti. Duba bakin saman da kyau, yawanci za ka ga an naɗe shi an ɗinke, na ƙasa kuma an bar shi da geza. Faffaɗan yankin nan na ƙasa "elem" suke ce masa, shi ne wanda ke kusa da dokin ƙofa.

'Yan kasuwa suna kiran irinsa "hachli", wato mai gicciye, saboda layukan da suka raba shi huɗu. Sun daɗe suna sayar da shi da sunan sallaya, don girmansa ya yi daidai da mutum guda kuma ga ɗan mihrabin nan a sama. Idan mihrabin ɗaya ne tal, ƙarami, a tsakiya, to hannun ƙabilar Teke ne. Na ƙabilar Sarik jerin mihrabai ne a sama, ɗaya kusa da ɗaya.

Batun Bukhara kuwa, kasuwa ce. Can ake kai kayan a sayar, fatake su ɗauka su wuce da su, sai sunan gari ya bi kaya.

Maman_Ihsan
Ikon Allah. Wato kamar yadda Turawa suke ce wa jar fatar akuyarmu ta Sakkwato "fatar Maroko", don ta can take bi ta shiga hannunsu.

Dillalin_Bab_Makka
Hajiya kin gama magana. Haka abin yake ba ragi ba ƙari.

Abban_Sadiq
Na je na duba yanzun nan. Wallahi bakin saman a naɗe yake a ɗinke, kamar kalmasar zane. Shekara arba'in ina ganin dardumar nan ban taɓa lura ba. To su Turkumanawan ba su da sallaya ke nan?

Dalibi_a_Gorgan
Suna da ita, Yaya. "Namazlik" suke ce mata, daga "namaz", wato salla. Ni a arewacin Iran nake karatu, lardin Golestan, inda ake ce wa Turkman Sahra, kuma na shiga gidajensu a Gonbad-e Kavus. Musulmi ne 'yan Sunna, mazhabar Hanafiyya. Sai dai a cikin tsofaffin kayan makiyayansu sallaya mai gashi ba ta da yawa in ka gwada da sauran abubuwan da suke saƙawa. Abin da mace ke zuba ƙarfinta a kai shi ne kayan ɗakinta: babbar darduma ta tsakar tanti, manyan jakunkunan da ake ratayewa a bango waɗanda suke kira "chuval", ƙanana masu suna "torba", doguwar ɗamara da ake zagaye tantin da ita, "asmalik" mai kusurwa biyar da ake yafa wa raƙumin amarya, sai ensi na ƙofa. Makiyayi yana iya salla a kan shimfiɗar gashi da aka danne, ko saƙa marar gashi, kamar yadda malamanmu na da suke yi a kan buzu.

Tsofaffin sallayun Turkumanawa da suka yi suna a duniya su ne na Beshir. Beshir gari ne a bakin kogin Amu Darya, wanda littattafan Larabci ke kira Jaihun, a lardin Lebap na Turkumenistan ta yau. Mutanen wannan yanki zaunannu ne, suna noma, suna da masallatai, kuma a da suna ƙarƙashin Sarkin Bukhara. Galibi ana danganta saƙarsu da ƙabilar Ersari. Sallayarsu ba ta ɓoyuwa: mihrabi dogo ne da ya cinye tsakiyar, wuyansa siriri, kansa ya buɗe, a ƙolinsa ƙahon rago biyu sun lanƙwasa dama da hagu. Sau da yawa farin fili ne, an cika shi da 'ya'yan rumman ko furanni a jikin reshe. In ka ajiye ta kusa da ta Baba, ko yaro ya san ba aiki ɗaya aka yi su domin shi ba.

Bakatsine77
Na karɓi gyara a kan igiya da ɗinki. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini: me ya kawo mihrabi a labule?

Injiniya_Piter
@Bakatsine77, wannan tambayar masana ma sun rabu a kanta. Wasu sun ce ba mihrabi ba ne tun asali, siffar tantin ce ko siffar ƙofa, don baka mai tsini a sama ta girmi ginin mihrabi. Wasu sun ce tsarin gida huɗun kwaikwayon ƙyauren katako ne mai allo huɗu irin na birane. Wasu kuma lambu suke gani, wanda magudanan ruwa biyu suka raba huɗu, irin na Farisa. Ni na fi karkata ga ƙyaure, don wanda ya taɓa ganin tsohuwar ƙofar katako a Bukhara ko Khiva zai ga kamar. Su kuma zanen da Abban Sadiq ya ce kamar gwafa, sunan da ake ba su yana da "kush" a ciki, wato tsuntsu.

A Rasha na yi karatu, birnin San Fitasbag, kuma can ne aka tara da yawa daga cikin tsofaffin kayan nan. Wani mai suna Samuil Dudin ya zaga yankin Turkumanawa a farkon shekarun 1900 yana saya wa gidan tarihi, Janar Bogolyubov da ya yi gwamnan yankin shi ma ya tara nasa har ya buga kundin hotunansu. A gidan tarihi na Hermitage na tsaya gaban dardumar Pazirik, wadda wani masanin Rasha mai suna Rudenko ya tono a 1949 daga wani kabari da ƙanƙara ta daskarar a tsaunukan Altai. Ta haura shekara 2,300, amma dawakai da barewar da ke gefenta suna nan raɗau. Ba na cewa Turkumanawa ne suka saƙa ta, kodayake za ka ji masu cewa haka. Abin da take nunawa shi ne ƙulla gashi a jikin zare tsohuwar sana'a ce ƙwarai a wannan sashe na duniya.

Malam_Na_Zaure
Bari in sa baki ta fuskar da ta fi damun mai tambaya, don na lura zuciyarsa na kan sallar mahaifinsa. Ɗana, kwantar da hankalinka. Sharaɗin wurin salla tsarki ne, ba zane ba. An sanya wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙasa duka ta zama masallaci, kuma ya yi salla a kan 'yar ƙaramar tabarma da ake kira khumra. Ko labule ne ko buhu, in mai tsarki ne salla ta yi.

Hasali ma mu Malikawa abin da ke cikin Mukhtasar shi ne an karhanta sujada a kan tufa, ban da tabarma. Ga kuma hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim, inda ya yi salla da mayafi mai zane, da ya idar ya ce a mayar wa Abu Jahm a kawo masa marar zane, don ya ɗauke masa hankali. Saboda haka mihrabin da ke jikin darduma ado ne da al'ada, ba ya ƙara wa salla komai.

Ummu_Khalil
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Amma Malam, ni ina ganin mai zane iri ɗaya da ke maimaita kansa, irin wannan ja mai duhu, bai kai sallayun yanzu ɗauke hankali ba, masu hoton gini da fitilu da kalar da ke kashe ido.

Malam_Na_Zaure
Wannan haka ne, 'yata. Kowa ya san abin da ke shagaltar da shi.

Jikan_Marina
Ni launin ne ya jawo ni. Gidanmu gidan rini ne, kakana a Ƙofar Mata ya tsufa, kuma hannunsa har ya rasu shuɗi ne. Da me suke samun jan nan da ba ya mutuwa? Mu dai baba muka sani, sai karan dafi na jan fata.

Dalibi_a_Gorgan
Saiwar wani tsiro ce, Larabawa na ce mata fuwwa, Farisawa na ce mata ronas. Ana busar da ita a daka. Kafin a tsoma zaren sai an dafa shi da alif, shi ke sa rinin ya kama. Daga saiwar nan guda ake fitar da ja mai haske, da mai hanta, da mai ɗan shunayya, gwargwadon tsufan saiwar da zafin ruwa da abin da aka haɗa. Shuɗinsu kuwa baba ne irin naku. Ruwan ƙasa sau da yawa gashin tunkiya ne haka nan ba rini. Akwai wani ja mai tsada da ake samu daga jikin ƙwari, shi ake rina siliki da shi, kuma ƙabilar Salor ce ta yi fice da sa shi a tsakiyar zanenta. Sarik kuma sukan sa auduga a inda suke son fari tas.

Jikan_Marina
To in haka ne ga abin da zan gaya wa Abban Sadiq, don wannan fanninmu ne. Buɗe gashin dardumar da yatsa biyu ka kalli gindinsa. In kan ya koɗe ya yi toka-toka amma gindin na da kala mai ƙarfi daban, rinin kanti ne. Rinin gargajiya tare yake tsufa daga sama har ƙasa, laushi kawai yake ƙarawa. Sannan ka tsaya daga nesa ka duba ko jan yana canzawa layi-layi, nan ya yi duhu can ya yi haske. Ba aibi ba ne, alama ce zaren ba tukunya ɗaya ya shiga ba. Mu ma kowace karofi da halinta.

Injiniya_Piter
Wannan gwajin yana taimakawa wajen sanin shekaru ma. A 1856 Perkin ya haɗa rinin kanti na farko a Ingila, a 1868 Jamusawa biyu suka haɗa sinadarin jan saiwar nan a ɗakin gwaji. A Janairun 1881 sojojin Rasha ƙarƙashin Skobelev suka ci ganuwar Geok Tepe, suka kashe dubban 'yan Teke, a 1884 birnin Marw ya shiga hannunsu, jirgin ƙasa ya isa Samarkand a 1888. Daga nan rinin kanti ya kwararo, 'yan kasuwa suka fara cewa a saƙa musu kaza mai girman kaza don ɗakunan Turai. Shi ya sa masu tara kayan nan suke raba su biyu, na kafin zuwan Rasha da na bayansa.

Maman_Ihsan
Kuna ta maganar janar-janar da 'yan kasuwa, ba wanda ya ce komai a kan wadda ta zauna ta ƙulla. Mace ce fa. Kakata ta yi kaɗi, na san yadda mazari ke cin yatsa kafin a tara abawa ta zane ɗaya. Ina so in ji yadda suke yi.

Dalibi_a_Gorgan
Gaskiyarki Hajiya, aikin mata ne tun daga wanke gashi, sharce shi, kaɗi, har saƙa. Masaƙarsu a kwance take a ƙasa: itace biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, an kafe su da turaku, an ja zaren tsaye a tsakaninsu. Ranar tashi sai a tuge turakun a naɗe a ɗora wa raƙumi. Na zauna na kalli wata dattijuwa da surukarta suna yi. A kan abin da suka riga suka saƙa suke zama, suna matsawa gaba. Ta kama zaren tsaye biyu, ta zagaya musu ulu, ta ja ƙasa, ta yanke da 'yar wuƙa mai lanƙwasa, duk kafin ka ƙifta ido. In layi ya cika a wuce da zaren kwance, a daka da wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, sannan a daidaita gashin da almakashi. Babu takarda a gabansu. Dattijuwar tana faɗin launi da adadi, yarinyar na bi.

Dillalin_Bab_Makka
Kuma ƙullin ma yana faɗin ƙabila, shi ya sa abokinka ya fara juya bayanta. 'Yan ƙabilar Yomut galibi ƙulli mai zagaye zare biyu daidai suke yi. Teke nasu zare ɗaya yake zagayewa ya ratsa ƙarƙashin ɗayan, bakinsa ya buɗe dama. Salor irin wannan ne amma yawanci hagu. Alhaji, ɗauko abin awo ka ƙirga ƙulli nawa ne a santimita ɗaya a kwance, nawa a tsaye. Sannan ka duba gezar. In farin zaren auduga ne, gashin kuma yana sheƙi yana santsi, to akwai yiwuwar irin kwaikwayon da ake yi a Lahore ne, su ma "Bukhara" ake ce musu. In gezar ulu ce, ka tsinki silin ɗaya ka ƙona, za ka ji ƙaurin babbaka.

Abban_Sadiq
Na yi duka. Gezar ta yi ƙaurin gashi. Ƙulli 4 a kwance, 7 a tsaye, wato 28 a ɗan murabba'in da bai kai farcen babban yatsa ba. Na buga lissafi da girmanta, ya ba ni wajen 504,000. Na daɗe zaune ina kallonta. Jan kuma iri ɗaya ne har gindi, sai wani ɗan wuri mai ruwan lemo da kansa ya koɗe.

Jikan_Marina
Wannan ruwan lemon shi ne na kanti. Ta haɗa biyu ke nan, ta yi babban fili da na gargajiya ta yi ado da sabon da ya shigo kasuwa.

Dan_Damagaram
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata a kan tambarin nan mai kusurwa takwas da ake jerawa a manyan jajayen dardumai. An ce mini kowace ƙabila da nata, kamar tsagar fuska a wurinmu, ko shaidar da Buzaye ke yi wa raƙuma. Haka ne?

Injiniya_Piter
Sunansa "gul" ko "gol". Akwai gaskiya a abin da aka gaya maka, har tutar Turkumenistan tana ɗauke da guda biyar a jere na manyan ƙabilu biyar. Wata masaniyar Rasha, Moshkova, ita ta ƙarfafa ra'ayin cewa tambarin ƙabila ne, har ta ce in an ci ƙabila da yaƙi tambarinta yakan mutu. Kuma tun ƙarni na 11 Mahmud al-Kashgari ya lissafa ƙabilun Oguz, kakannin Turkumanawa, ya zana shaidar da kowacce ke yi wa dabbobinta, Salor na cikinsu.

Amma kada a ja abin ya yi tsauri. Farisawa sun ragargaza Salor a Sarakhs a 1832, daga baya Teke suka ƙwace Marw, Sarik suka koma Yolatan da Pende. Tambarin Salor bai mutu ba, Teke da Sarik suka ci gaba da saƙa shi a jakunkunansu. Ga auratayya, ga ganima, ga kasuwa. Wasu masanan ma suna ganin asalinsa da'irorin da ke jikin tsofaffin yadukan siliki na Farisa da Sogdiya (tsohuwar ƙasar su Samarkand da Bukhara) ne, masaƙa ta mayar da su masu kusurwa don ƙulli ba ya son lanƙwasa.

Dalibi_a_Gorgan
A nan zan ɗan saɓa maka, Injiniya. Matan da na zauna da su ba sa kallonsa a matsayin aron kowa. Kowane ɗan zane da sunansa a bakinsu, wannan ƙahon rago, wancan ƙafar tsuntsu, kuma duk daga rayuwar makiyayi suke. Inda na yarda da aro shi ne Beshir, don can kana ganin zanen Farisa ƙarara, da na yadin silikin Bukhara mai kalar da ke narkewa cikin juna. Birni na kusa da su.

Injiniya_Piter
Suna yana iya zuwa bayan zane, ɗan'uwa. Dagin Arewa ma kowa ya ɗauke shi namu ne, kuma namu ne, amma irin wannan ƙulli yana nan a adon wasu ƙasashe.

Bakatsine77
To ni dai na koma kan bakata ta wata hanya. Wanda ya sayar wa Baba a Madina da sunan sallaya ya sayar, Baba da niyyar sallaya ya saya, ya yi shekaru yana sa goshi a kanta. Wadda ta saƙa ta yi labule, amma abin da ke hannun Abban Sadiq yau sallaya ce.

Dillalin_Bab_Makka
A gida haka ne. In ta shiga kasuwa ensi za a rubuta. Kuma kada a zargi dattijon, alhazan wancan yanki sun saba zuwa da darduma su sayar su yi guzuri, kuma iyalai da yawa da suka tsallaka Afganistan bayan kafuwar Tarayyar Sobiyet, suka zauna wajen Andkhoy da Akcha, sun bar zaman tanti. Labulen da ba shi da ƙofa, shi kansa mai shi zai iya shimfiɗawa ya yi salla.

Shawara ɗaya Alhaji: kada ka kai ta wajen masu wankin kafet da inji. Na taɓa ganin wadda aka zuba wa sinadarin cire datti, jan ya malale cikin farin, ba ta gyaruwa. Ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa a kwance. Naɗe ta za ka riƙa yi, ba ninkewa ba, kuma ka riƙa fito da ita tana shan iska saboda asu.

Ummu_Khalil
Abban Sadiq, in ka duba daidai ƙarƙashin ɗan mihrabin, gashin bai fi cinyewa a nan ba?

Abban_Sadiq
Ya cinye, Hajiya, har zaren ƙasa ya fito, faɗin goshi. Akwai wasu wurare biyu a ƙasa daidai gwiwa. Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Malam Dillali, igiyar kusurwar hagu ta kusa tsinkewa, in sa a ɗinke ta ko in bar ta yadda take?

Dillalin_Bab_Makka
Bar ta. In kana tsoron ta ɓace, kama ta da zaren ulu da allura a hankali, kada a sa mata gam ko zaren roba. Turo hoton bayanta kusa-kusa da rana, ina so in ga ko ƙullin dama ya buɗe.